Ku Tambayi Kawu: mazubin harsashi, libarba da maganar dalma

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na yi ɗan rubutun nan kan wasan harbi, wanda mutanen ƙasar nan ta Saudiyya ke ce wa rimaya, saƙonni suka yi ta shigowa kamar an buɗe famfo, kuma abin mamaki kusan rabinsu kan zubin harsashi ne. Ashe da yawanku kuna kallon bidiyon Turawan nan masu narka dalma a gareji. Na tsamo huɗu, na ɗan rage gaisuwar saboda wuri, amma duk na amsa, iyali lafiya lau, Riyad kuma ga ta nan da zafinta.

TAMBAYA: Salam Kawu ya aiki ya zafi. Ni direba ne a Jidda shekarata shida kenan, wata ranar hutu wani abokina ɗan ƙasa ya kai ni wajen harbi na biya kuɗi na harba irin ƙaramar bindigar nan mai juyawa da suke ce ma abu mahala wato libarba, wallahi Kawu tun ranar abin ya shiga raina har mafarkinsa nake. To matsalar harsashin akwai tsada kafin ka ankara kuɗin cefanen sati ya tafi, sai na gani a YouTube ana narka dalma a zuba cikin wani ƙarfe mai kama da awartaki harsashi ya faɗo fes, na duba intanet na ga akwai na kamfanin Lee akwai na kamfanin Lyman. Dan Allah wanne zan yi oda wanda zai fi dacewa da harbin allo? Daga ɗanka direba, Jidda.

AMSA: Wa alaikassalam ɗana. Kada ka yi odar ko ɗaya. Na fara da wannan ne don ko ba ka karanta sauran ba ka ji shi.

Ƙasar nan tana da dokar makamai da harsasai, nizamul asliha waz zakha'ir, ta shekarar 1426 hijira wato 2005, kuma a cikinta ƙera makami ko harsashi ko shigo da su ba da izini ba laifi ne mai ɗauri da tara. Ma'aikatar cikin gida ce ke ba da lasisi, lasisin mallakar bindiga kuma na 'yan ƙasa ne, ko baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham arewa da Riyad inda ake sayar da bindigogi a fili, ɗan ƙasa ne ke saye da izininsa, mu baƙi masu igama, wato takardar zama, kallo ne namu. Kai kuma kana so ka sa sunanka da lambar wayarka da adireshin gidan kafilinka, wato ubangidan da ya ɗauke ka aiki, a kan kwalin da zai bi ta hannun jamarik wato 'yan kwastan, a buɗe a ga kayan haɗa harsashi. Me za ka ce musu, harbin allo nake so? Mai kaki ba zai tsaya jin labarin mafarkinka ba, daga can sai tambayoyi, daga tambayoyi sai abin da Allah ya yi, ƙarshenta tarhil wato a kore ka gida, shekara shidan ta tafi a banza kuma ka ja wa mutumin da ya amince ya ba ka makullin motarsa.

Sannan akwai abin da bidiyon bai nuna maka ba. Abin da ke faɗowa daga mazubin nan ba cikakken harsashi ba ne, kan ne kawai, ɗan dunƙulen dalmar da ke fita daga bakin bindiga. Saura kwanso da albarushi da 'yar hular da ke tayar da wuta, waɗannan kuwa ba a kantin unguwa suke ba, kuma ba zan yi maganarsu a wannan fili ba. Ko da ka haɗa komai, babu wani wurin harbi mai lasisi da zai bar baƙo ya zaro harsashi daga aljihu ya ɗura a bindigarsu. Kai ba ka da bindiga, ba ka da inda za ka harba abin da ka zuba, ka ga kenan sayen mazubin kamar sayen linzami ne babu doki.

Su waɗancan Turawan da kake gani yawancinsu a Amurka suke inda doka ta yarda mutum ya haɗa harsashin da zai harba da kansa, kuma mutane ne da ke harba dubbai a shekara, shi ya sa lissafin ke fitar musu. Sha'awarka dai ba laifi ba ce, harbi abu ne mai asali, akwai hadisin Uƙba bin Amir da Manzon Allah (SAW) ya maimaita sau uku cewa ƙarfi shi ne harbi. Kai kalmar harsashi ma daga Larabci muka aro ta, rasas, wadda a wurinsu take nufin dalma take kuma nufin harsashi. Amma ka bi ta ƙofa. Ka karanta amsar da na ba ɗan'uwanka na ƙarshe a ƙasa, ita ce hanyarka, kuma ta fi sauƙi a aljihu nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka. Ni haifaffen Madina ne, ina karatun injiniya a Amurka yanzu na zo hutu. A can akwai wani dattijo a kulob ɗin harbi da ke koya mana, yana da libarba mai cin .38 Special kuma shi ke zuba kan harsashinsa. Mazubinsa ya tsufa, ni kuma ina so in yi masa kyauta idan na koma saboda ya yi min halacci sosai. Na shiga shafukan masu sayarwa kaina ya ɗaure, wani na baƙin ƙarfe wani na alminiyon wani na tagulla, wani rami biyu wani shida, ga lambobi birjik. Yaya ake zaɓa? Daga ɗalibi, Madina.

AMSA: Yauwa, kai taka tambayar da sauƙin amsawa tunda abin a can zai tsaya, a hannun wanda doka ta yarje masa. Amma kafin nan kunnenka nawa: ɗalibi mai biza a Amurka dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai da wasu keɓance-keɓance, kamar wanda ya yanki lasisin farauta na jiha, don haka ka tabbatar takardunka daidai suke. Kuma ranar dawowa ka zazzage jakarka da aljihunanka tas, ko fankon kwanso ɗaya aka gani a filin jirgin Jidda ko Madina sai ka wuni kana bayani.

To maganar zaɓe. Ba kai ke zaɓar mazubi ba, ba ma dattijon ba, bindigar ce ke zaɓa. Libarba ta bambanta da sauran ƙananan bindigogi domin harsashin yana kwance ne a cikin gangar nan mai juyawa, kowane ɗaki da maƙogwaronsa, idan an harba sai ya fita ta maƙogwaron ya tsallake ɗan gibi ya shiga bututu. Ana ce mata .38 amma faɗin cikin bututun kusan .357 na inci ne, masu zubi kuma yawanci .358 suke nema, wajen milimita 9.1. Wannan ɗan bambancin na kashi ɗaya cikin dubu na inci, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, shi ne duk rigimar. Idan kan harsashin ya yi wa maƙogwaro kaɗan, iskar wuta mai zafi tana kutsawa ta gefensa ta yanki dalmar ta shafe ta a bangon bututu, bayan harbi ashirin ko talatin sai ka ga harbin ya fara watsewa kamar an watsa wa kaji tsaba, ka leƙa bututun ka ga ya yi dauɗar dalma. Mutane da yawa sai su ce ai dalmar ce ta yi laushi su je su ƙara mata tauri, alhali awo ne bai yi ba. Kuma ka riƙe wannan, wanda ya fito da ɗan ƙiba ana iya matse shi ya dawo daidai, wanda ya fito a rame babu yadda za a yi da shi sai a mayar tukunya. Saboda haka abu na farko, ka yi wa dattijon dabara ka ji awon maƙogwaron gangarsa, masu wannan harka sun san nasu kamar yadda ka san lambar takalminka.

Na biyu siffa. A harbin takarda babu kamar wanda suke kira wadkota, shi ba shi da tsini sam, kamar an yanko guntun alli, gaba a baje baya a baje. Na .38 nauyinsa giren 148 ne, giren ɗaya kuwa giram 0.0648, kenan wajen giram 9.6. Ranar da na fara ganin aikinsa da idona, wani tsoho ne ya ciro takardarsa ya miƙo min, na ɗaga ta sama haske na shigowa ta ramukan, kowane rami zagaye tsaf kamar an huda da abin huda takarda na ofis, har 'yan ƙananan da'irorin takardar da suka fita na gani a ƙasa. Kusa da ita akwai takardar wani da ya harba mai zagayayyen kai, nasa ramukan a yage suke kamar ɓera ya ci, sun ma fi ainihin harsashin ƙanƙanta don takardar tana komawa ta rufe. A gasa kuwa idan ramin ya taɓa layi ko da ƙyas ne maki na sama ake ba ka, to ka ga mai rami tsaf yana tsintar makin da mai yagaggen rami sai an sa ma'auni an yi ta gardama. Kuma a hankali yake tafiya, wajen mita 210 zuwa 230 a daƙiƙa, bindigar ba ta zabura a hannu sosai. Aibinsa ɗaya, ba ya son nisa, da ya wuce yadi 50 sai ya fara tangaɗi, ga shi da wuyar zurawa a ganga idan ana sauri tunda ba shi da tsinin da zai nemi hanya.

Akwai wadkota mai rami a gindi, wanda kamfanoni ke yi ta hanyar matsa dalma a sanyi, yana da kyau ƙwarai a saiti amma zuba shi a gida akwai jinkiri da ɗawainiya, ni ba zan saya wa tsoho wannan ba. Mai cikakken gindi ya fi masa. Idan kuma yana harbin faranti na ƙarfe ko yana zuwa nesa, sai rabin-wadkota, mai ɗan hanci a gaba da kafaɗa mai kaifi wadda ita ke yanka takardar, yawanci giren 158. Wanda ya shahara da wannan siffa shi ne Elmer Keith, wani makiyayi mutumin Idaho, wanda a ƙarshen shekarun 1920 ya zana wa Lyman samfurin 429421 na .44 da kuma 358429 na .38. Ka ga lambobin da suka ɗaure maka kai ai ba wani sirri ba ne, a tsarin Lyman ukun farko faɗi ne, na ƙarshen kuma lambar samfurin. A ɓangaren wadkota tsofaffin 'yan gasa har yau suna yabon lamba 50 ta Hensley & Gibbs, kamfanin ya daina aiki amma wasu na kwaikwayon zanen, na asalin kuma sai dai a hannu.

Sai ƙarfen da aka yi mazubin da shi, nan ne kowa ke da ra'ayi kamar maganar ƙwallo. Na baƙin ƙarfe irin na Lyman da RCBS da SAECO yana daɗewa, jika ma ya gada, yana riƙe zafi daidai, amma yana da nauyi kuma yana tsatsa, da a Jidda ne da wannan raɓar teku sati biyu ya isa ka same shi ya yi ja. Dole a shafa masa mai bayan aiki, a wanke man tas kafin aiki na gaba domin ɗigon mai a cikin ramin sai kan harsashin ya fito a yamutse. Na alminiyon irin na Lee shi ne mai araha, ba nauyi, yana ɗaukar zafi da wuri yana kuma saki da wuri, ba ya tsatsa, sai dai ba ya jure wulaƙanci, ka buga shi da ƙarfe ko ka bar marfin saman yana gogar fuskarsa a bushe sai ya kwarzane. Na tagulla kamar waɗanda MP Molds ke yi a Sulobeniya shi ne ɗan gayu, yana fitar da abu sumul, ba ya tsatsa, amma nauyinsa sai mai ƙashi, kuma in aka bar shi ya yi zafi fiye da kima yana iya lanƙwasa.

Yawan ramuka kuma lissafin lokaci ne da wuyan hannu. Mai rami ɗaya a harbin libarba azaba ce, mutumin da ke harba ɗari biyu a mako zai kwana a gaban tukunya. Mai shida yana cika gwangwani nan da nan amma kowane rami da ɗan halinsa, masu tsantseni sai sun auna a sikeli sun ware. Tunda ka ce dattijo ne, ni da ni ne zan duba hannunsa tukuna, idan yana kukan gaɓoɓi to alminiyon mai rami huɗu ko shida, ko baƙin ƙarfe mai rami biyu, kada ka ɗora masa tagulla mai huɗu don kawai ya fi kyau a hoto. Ka kuma tambaya yadda yake sa wa nasa mai, domin akwai mazubi mai manyan kwaruruka na cusa maiko, akwai mai ƙananan zare-zare da Lee ke yi wanda ake zuba man ruwa a girgiza a roba, in ka sayo wanda bai dace da kayan aikinsa ba ka ba shi aiki ne ba kyauta ba. Mariƙi ma sau da yawa daban ake sayar da shi, kuma na wannan kamfani ba lalle ya shiga na wancan ba.

Gaskiya dai in ka bi ta tawa, ka bar maganar ba-zata. Masu zubi mutane ne masu tsiya a kan kayansu, ka zaunar da shi ka ce Baba ga abin da nake so in yi maka, wanne ka daɗe kana so? Zai ambaci lamba kafin ka rufe baki.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni ba ruwana da bindiga, amma na ga kana maganar dalma. Maigidana yana zuwa kamun kifi bakin teku, kuma shi ke zuba 'yan dalmar da ake ɗaura wa ƙugiya don ta nutse. Yana samo guntaye a wurin masu banshar wato masu gyaran taya, wani lokaci har tsohon batirin mota yake fasawa, ya narka a kan risho a ɗan tsakar gidanmu, yaranmu uku suna wasa a wurin ƙaramar ma rarrafe take. Na yi magana ya ce shi tun yana yaro yake yi bai mutu ba. Akwai matsala ne ko ni ce da tsoro? Daga Maman yara, Jidda.

AMSA: Hajiya ba tsoro ba ne, ke ce mai gaskiya, kuma cikin duk saƙonnin makon nan naki ne ya hana ni barci. Ki ba shi wannan ya karanta da kansa.

Malam, da farko mu rabe abu biyu don Hausa ta haɗa su a suna ɗaya. Tukunyar dalma da ake girki da ita a gida alminiyon ce, ba ita muke magana ba. Dalmar da kake narkawa ita ce mai nauyin nan mai laushi, rasas, wadda ke narkewa a digiri 327, kuma guba ce da ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. Ba ta kayar da babba nan take shi ya sa kake ganin lafiyarka ƙalau, a hankali take taruwa a jini da ƙashi ta taɓa ƙoda ta hau da jini. Yaro kuwa jikinsa ya fi na babba zuƙarta sau da yawa, kuma ƙwaƙwalwa take nufa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da za a ce ba ya cutarwa. Mu Hausawa ma ai ba sai an ba mu labari ba, a 2010 a Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta, yara sama da 400 suka rasu saboda ana daka duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa, yara suka yi rarrafe a kai suka sa hannu a baki. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Taka ba ta kai wancan yawa ba amma hanyar ɗaya ce, tokar da kake kwashewa daga saman narkakkiyar dalma ka zubar a gefe ita ce ƙurar, ita ce ke bin tafin hannun 'yarka.

Batirin mota kuwa ka daina yau ɗin nan. Bayan ruwan asid ɗin da ke ciki, farantan batirin zamani an gauraya su da wasu sinadarai, dattin da ke fita in an narka su idan ya haɗu da damshi yana iya sakin iska mai kisa, su kansu masu zubin harsashi da suka shekara arba'in a kai ba sa taɓa batir.

Ga kuma ruwa. Ina saurayi na taɓa tsayawa kan wani mai zubi a garinmu, ya jefa wani guntun bututun dalma a tukunya ashe da 'yar laima a cikinsa, ƙara ɗaya muka ji fau, dalmar ta tashi sama ta manne a rufin kwano kamar an watsa azurfa, ɗigo ɗaya ya sauka a bayan hannuna, tabon na nan har yau kamar ƙwayar gero. Shi a gira ya same shi, da ya sauko kaɗan da ido ne. Yanzu ka ɗauko wannan hoton ka sa yara uku a gefe.

Dalmar ƙugiya ana sayar da ita a shagunan kayan kamun kifi da 'yan riyaloli, ka saya ka huta. Hajiya ke kuma ki wanke tsakar gidan da ruwa da sabulu da tsumma, kada ki share a bushe don ƙurar tashi za ta yi, ki jefar da tsumman, tukunya da cokalin da ya yi aiki da su kada su koma kicin har abada, kayan da yake sawa a wanke su daban. Ki kai yaran uku asibiti ki ce a auna musu dalma a jini, da Larabci ki ce tahlilur rasas fid dam, musamman mai rarrafen, kada ki jira sai kin ga alama don sau da yawa babu alamar da ido ke gani. Tunda muna kai, tozalin dutse da ake sa wa jarirai ma da yawansa dalma ce, a kiyaye.

TAMBAYA: Kawu ni ɗan sakandare ne a Makka, Sharar Mansur. Wai ana harba libarba a gasar Olamfik? Kuma in mutum yana so ya zama ɗan wasan harbi daga ina zai fara? Daga jikanka.

AMSA: Jikana, a'a, gasar da ake shiga da libarba babba ba ta cikin Olamfik. Tana dai cikin wasannin hukumar harbi ta duniya ISSF, ita ce ta mita 25, faɗin harsashi daga milimita 7.62 zuwa 9.65, harbi 60, talatin a natse talatin kuma na sauri inda allo ke ba ka daƙiƙa 3 kacal ka ɗaga hannu ka harba sannan ka jira daƙiƙa 7. Kan dalma ko wani abu mai laushi irinta kawai ake yarda da shi, kuma yau yawancin 'yan gasar sun koma ƙaramin .32 mai wadkota saboda ya fi laushi a hannu.

Wanda ke Olamfik kuma ya dace da kai, da ɗan'uwanka direban Jidda, shi ne ƙaramar bindigar iska ta mita 10. Ba albarushi ba ƙara, 'yar ƙwaya ce mai faɗin milimita 4.5 nauyinta wajen rabin giram, kuma in ka duba kanta a baje yake, wato ita ma wadkota ce 'yar ƙarama, gwangwani ɗaya 500 ke ciki. Da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne, ƙwayar maɓallin riga kenan, hannu ɗaya ake riƙewa a tsaye, harbi 60. Kada ka raina ta, duk wanda ya iya danne numfashi ya ja kunama a hankali ba tare da bakin bindigar ya motsa ba a nan, ranar da aka ba shi libarba ba zai sha wuya ba. Ni kaina ita nake harbawa, kuma har yanzu takwas tana yi min dariya.

Ƙasar nan tana da hukumar wasan, ittihadus Sa'udi lir rimaya, tana da 'yan wasa da suka je Olamfik kamar Sa'id al-Muɗairi mai harbin faranti a sama wanda ya je Tokyo. Ka sa mahaifinka ya kai ka kulob mai lasisi ya tambayi sharuɗɗan shekaru da takardu, bindigar tasu ce a can take kwana, don ita ma ta iskar ba a ajiye ta a gida haka kawai sai da izini. In kun gama ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci wani abu, ƙwayoyin nan ma dalma ce. Kuma ka turo min hoton takardarka ta farko, ko da duk a farin gefe suka sauka, tawa ta farko uku ne kawai suka taɓa baƙin.